Tikitin Gudu da Neman Aikin Tirela a Amurka: Abin da Kamfani Ke Dubawa

Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Yau maganarmu da 'yan uwa ce mazauna Amurka, masu shirin shiga tuƙin tirela, amma akwai tikitin gudu da ɗan sanda ya taɓa yanka musu a ƙaramar mota, abin yana ta yi musu yawo a zuciya. Za a ɗauke ni aiki, ko ƙofa ta rufe?

Ɗan uwa, tikiti ɗaya da wuya ya hana ka aiki. Amma tikiti suna ya tara. Ɗauko naka yanzu, ka duba lambobi biyu da ke jiki: gudun da aka ƙayyade a hanyar, da gudun da aka rubuta kana yi. Cire na farko daga na biyu. Idan abin da ya rage bai kai mil 15 a awa ba, wato kusan kilomita 24, matsalarka mai sauƙi ce. Idan ya kai 15 ko ya haura, to gyara zama.

Ga dalili. Hukumar tarayya mai kula da manyan motoci, FMCSA, tana da jerin laifukan da ta kira manyan laifukan hanya, a sashe na 383.51 na dokokinta. Ɗora mil 15 a kan ƙa'ida yana ciki, tare da tuƙin ganganci, da manne wa motar gabanka, da canja layi ba bisa ƙa'ida ba, da riƙe waya a hannu kana tuƙa babbar mota. Mai lasisin CDL, wato lasisin tuƙa manyan motocin kasuwanci, da aka samu da irin wannan laifi sau biyu cikin shekara 3, za a hana shi tuƙa babbar mota na kwana 60. Sau uku, kwana 120. Idan a motarka ta gida ka yi laifin, sai in ya jawo an dakatar ko an soke lasisinka sannan wannan hukunci zai hau kanka. To ka ga tikiti ɗaya, a wurin gwamnati, bai hana ka samun CDL ba. Amma kamfani ba haka yake lissafi ba. Shi gani yake saura kuskure ɗaya ka ajiye masa mota wata biyu.

Kuma a gaskiya ba mai ɗaukar ma'aikata ke da maganar ƙarshe ba. Kamfanin inshora ne. Shi ke gindaya wa kamfanin tirela sharaɗin irin direban da zai tsaya masa. Shi ya sa za ka ji mai ɗaukar aiki yana ta yi maka fara'a a waya, bayan kwana biyu sashen kula da lafiyar tuƙi ya ce a'a. Kowane kamfani da ma'auninsa, amma galibi shekara 3 suke waiwaya, wasu har 5. Ƙaramin tikiti ɗaya, yawancinsu suna wucewa. Na mil 15 zuwa sama da bai shekara ba, nan ne ake fara jin "ka sake nema daga baya".

A kula da Virginia musamman, don masu bin babbar hanyar I-95 ko I-81 da yawa sun faɗa wannan rami. A can, ɗora mil 20 a kan ƙa'ida, ko wuce mil 85 a awa ko nawa ne ƙa'idar hanyar, tuƙin ganganci ne, kuma laifi ne na kotu wanda ke shiga tarihin mutum. Kalmar ganganci a takardar tarihin tuƙinka ta fi kowane tikitin gudu nauyi a idon kamfani.

Yanzu ga wanda tikitinsa sabo ne, bai biya ba, ranar kotu ba ta zo ba. Don Allah kar ka yi saurin shiga intanet ka biya don a wuce wurin. A dokar tarayya, biyan tarar amsa laifi ne, daidai yake da alƙali ya same ka da laifi. Da zarar ka biya, ya zauna a takardarka. Abin yi shi ne ka nemi lauyan da ya saba da shari'ar tikiti a wannan gundumar da aka kama ka, ka gaya masa a fili cewa CDL kake nema. Sau da yawa lauya yakan zauna da mai gabatar da ƙara a rage lambar, misali daga 17 ta koma ƙasa da 15, ko a mayar da shi laifin da bai shafi tuƙi ba. Wani lokaci ma a kori ƙarar. Babu tabbas, amma kuɗin lauya bai kai albashin wata guda da za ka rasa ba.

Ga wani abu da mutane da yawa ba sa sani sai bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A jihohi da dama, direban ƙaramar mota yana iya zuwa ajin gyaran tuƙi a ɓoye masa tikiti, ko a jingine hukunci na wasu watanni sannan a share. Mai CDL ba shi da wannan gata. Sashe na 384.226 ya hana jihohi ɓoye laifin mai CDL, ya hana jingine hukunci, ko da a motar gida ya yi laifin. Kuma hanin ya haɗa da mai takardar koyo, wato CLP. Saboda haka idan kana da tikiti a kotu, ka yi magana da lauya tukuna kafin ka je ka karɓi takardar koyo. Mutum yakan yi gaggawar karɓar CLP ranar Litinin, ya toshe wa kansa hanyar da take buɗe ranar Juma'a.

To idan an riga an yanke, ya shiga takarda fa?

Mataki na farko, ka je hukumar lasisi ta jiharka, DMV ko duk sunan da ake kiranta a wurinku, ka sayi tarihin tuƙinka, wanda ake kira MVR. Kuɗinsa kaɗan ne. Idan ka riƙe lasisi a jiha fiye da ɗaya cikin shekara 3, ka karɓo na kowace, don doka ta wajabta wa kamfani ya yi hakan. Wanda ya tashi daga New York ya koma Ohio kar ya zata tikitin baya ya zauna a can. Ka duba ranar da aka kama ka, da ranar da aka yanke hukunci, ka rubuta duka biyun, domin wasu kamfanoni daga ranar hukunci suke fara ƙirga. Ka duba ko lambar da ke MVR ta yi daidai da abin da kotu ta yanke. Idan lauya ya rage amma takarda ba ta nuna ba, ka karɓo shaida daga magatakardan kotu a gyara.

Sannan takardar neman aiki. Doka ta ce ka lissafa duk laifin hanya da aka same ka da shi cikin shekara 3, ban da na ajiye mota. Rubuta shi yadda yake a MVR: kwanan wata, jiha, lamba. Kar ka rage, kar ka ce ka manta. Mafi munin abin da ke faruwa da sababbin direbobi shi ne wannan: mutum ya ɓoye tikitin mil 9 wanda da ya faɗa babu mai damuwa, a ɗauke shi a bas zuwa horon farko a wata jiha mai nisa, rana ta biyu MVR ta iso, a kira shi ofis a sallame shi. Ba don gudun aka kore shi ba, don ƙaryar ce. Kuma kamfanoni da yawa suna rubuta dalilin rabuwa da direba a rahoton DAC na kamfanin HireRight, wanda kamfani na gaba zai karanta. Kana da haƙƙin karɓar naka kyauta sau ɗaya a shekara.

Akwai kuma rahoton PSP, mai nuna haɗurran babbar mota na shekara 5 da binciken bakin hanya na shekara 3. Kai sabo, naka babu komai a ciki, tikitin ƙaramar mota ba ya shiga nan.

Kafin ka zuba dubban daloli a makarantar CDL, ka kira kamfanoni biyar zuwa goma masu ɗaukar sababbi. Ka karanta musu tikitin kalma da kalma, ka roƙi wasiƙar alkawarin ɗauka, wadda suke bayarwa tun kafin ka gama makaranta. Ba kwangila ba ce, suna iya janyewa, amma idan uku suka ba ka, ka san hanya a buɗe take. Idan duka suka ce sai tikitin ya shekara, tambayi ranar daidai, ka tsara karatunka ya ƙare kusa da ita, don CDL da aka ajiye wata shida ba a tuƙa ba, wasu kamfanoni sai sun sa ka sake horo. Makarantar kuma ka tabbata tana cikin rajistar FMCSA, domin tun 7 ga Fabrairu 2022 ba a barin mutum ya yi jarrabawar tuƙin CDL sai da horo daga makaranta mai rajista.

Idan manyan kamfanoni suka ƙi, ka yi hattara da wanda zai ce shi ba ruwansa da tikiti, zo ka ɗauki mota bashi kana biya daga albashi. Sabon direba da bai san kuɗin mai da taya da gyara ba, wannan yarjejeniya cinye shi take yi. Gara ka nemi aikin cikin gari, motar kai kaya shaguna, ko ta shara, ko ta siminti, ka tara wata shida zuwa shekara babu tabo.

Bayan an ɗauke ka, duk tikitin da kotu ta tabbatar a kanka, ko a motar gida ne, kana da kwana 30 ka sanar da kamfani a rubuce. Idan aka dakatar da lasisinka, ka sanar da su kafin ƙarshen ranar aiki ta gaba. Kamfani kuma zai sake janyo MVR ɗinka aƙalla sau ɗaya kowace shekara.