Daga bakin tekun Cairns: kuɗin da suka riƙe gari lokacin korona

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Inda nake tsaye yanzu shi ne tashar jiragen ruwa ta garin Cairns, a arewacin jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya. Waɗannan jiragen da kuke hangowa a bayana su ne ke kai baƙi kallon Great Barrier Reef, wato dogon jerin duwatsun murjani da ke cikin teku, kuma da su ne mutane da yawa na garin nan ke cin abinci. Da yawanku kun tambaye ni yadda gari irin wannan ya rayu a lokacin korona, shi ya sa na zo nan na ba ku amsa.

A ranar 20 ga Maris 2020 Ostireliya ta rufe iyakokinta ga baƙi, kuma ba ta sake buɗe wa masu yawon buɗe ido ƙofa ba sai 21 ga Fabrairu 2022. Na ga wurin nan da idona a waɗancan watannin farko: jirage a ɗaure, otal-otal babu kowa, gidajen abinci sun kife kujeru a kan tebura.

A ƙarshen Maris ɗin ne gwamnatin firaminista Scott Morrison ta fito da shirin JobKeeper. Duk kamfani ko shagon da cinikinsa ya faɗi da kashi 30 cikin ɗari (manya-manyan kamfanoni kuwa sai kashi 50) zai iya rajista, sai ya riƙa biyan kowane ma'aikacin da ya cancanta dala 1,500 ta Ostireliya duk mako biyu, hukumar haraji kuma ta mayar masa da kuɗin. Hikimar da na gani a nan ita ce kuɗin sun bi ta hannun mai gida, saboda haka igiyar da ke tsakaninsa da ma'aikacinsa ba ta tsinke ba. Matuƙin jirgin da ya yi shekaru yana sanin kowace kusurwa ta tekun nan bai tattara kayansa ya tafi Brisbane neman aiki ba. Ya zauna yana gyaran inji da fenti har baƙi suka dawo. An rage adadin zuwa dala 1,200 a watan Satumba, sannan zuwa 1,000 a Janairu, aka rufe shirin a Maris 2021, a lokacin da iyakokin ƙasa suke a rufe har yanzu, kuma masu jirage da otal na nan sun koka ƙwarai da hakan.

Bayan wannan akwai asusu na dala biliyan ɗaya da aka ware musamman don yankunan da ke nesa da manyan birane da sana'o'in da annobar ta fi kassarawa. Ta wannan hanya aka yafe harajin da kowane baƙo ke biya kafin ya shiga yankin murjanin, aka kuma tallafa wa gidajen namun daji, domin shi kada ba ya daina cin nama don baƙi sun daina zuwa. An kuma biya wani ɓangare na kuɗin jigilar kifi da nama da 'ya'yan itatuwa ta sama, saboda yawancin irin wannan kaya a cikin jiragen fasinja ake ɗora su, kuma jiragen sun tsaya.

Sai dai akwai abin da har yau yake mini ciwo. Masu bizar wucin gadi, ɗalibai da ma'aikatan gona da masu wanke-wanke a gidajen abinci, ba a sa su cikin JobKeeper ba, ko da kuwa sun yi shekaru suna biyan haraji. A farkon Afrilu 2020 firaministan ya faɗa a bainar jama'a cewa baƙon da ba zai iya riƙe kansa ba, lokaci ya yi da zai koma gida. Ni ina cikin waɗanda maganar ta shafa. A gidan abincin da nake aiki, abokan aikina 'yan ƙasa sun ci gaba da karɓar albashi, mu kuwa aka sallame mu, ba don mai gida ba ya so ba, sai don ba shi da abin biyan mu. Abin da aka ba mu dama shi ne mu ciri wani abu daga kuɗin fanshonmu, kuma da shi na biya hayar ɗaki, sauran kuwa masallaci da ƙungiyoyin agaji suka riƙe mu da shinkafa da man girki.

Ba a jima ba gonakin ayaba da mangwaro suka rasa masu girbi, har aka kawo ma'aikata daga Vanuatu, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, zuwa birnin Darwin na arewacin Ostireliya a watan Satumba 2020. Ni ma a gonar mangwaro kusa da garin Mareeba na sami aiki a ƙarshen wannan shekarar, kuma can zan kai ku a bidiyo mai zuwa, in Allah ya yarda.