Springfield ta 1861: Bindigar da Ake Karanta Tarihi a Jikinta

Ku dubi wannan bindiga da kyau. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ranar hawan Sallah ya san irin ɗurinta: a zuba albarushi ta baki, a danna da sanda, a harba, hayaƙi ya turnuƙe. Ita ma wannan ɗurin baki ce. Sunanta Springfield, ƙirar 1861, kuma da ita sojojin Arewa suka fi yin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865. An ƙera kusan miliyan ɗaya, a masana'antar gwamnati da ke garin Springfield na jihar Massachusetts da kuma wurin 'yan kwangila.

To, me ya bambanta ta da bindigar toka? Sai mun leƙa cikin bututun. Akwai tsaga guda uku da suka murɗa tun daga gindi har baki. Su ne ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, ya tafi sak inda aka auna.

Wannan dabara tsohuwa ce. Tun ƙirar 1803 masana'antar gwamnati da ke garin Harpers Ferry ke yi wa soja irin wannan bindiga, sannan ga ƙirar 1841 da ake wa laƙabi da Mississippi, saboda rundunar 'yan jihar Mississippi ƙarƙashin Jefferson Davis, wanda daga baya ya zama shugaban 'yan Kudu, da ta riƙe ta a yaƙin Buena Vista da sojojin Mexico a 1847. Matsalarsu ɗaya ce: dole dunƙulen dalma ya matse cikin bututun kafin tsagar ta kama shi, don haka ɗuri yakan ci lokaci, ga abokan gaba na tahowa. Shi ya sa yawancin sojoji suka ci gaba da riƙe mai santsin ciki, wadda ke da saurin ɗuri amma ba ta da saiti daga nesa.

Wani hafsan sojan Faransa, Claude-Étienne Minié, shi ya warware wannan ƙulli, James Burton na Harpers Ferry kuma ya ƙara gyara aikin. Harsashin nasu mai tsini ne, gindinsa da rami. Yana zurmawa cikin bututu ba wahala. Da zarar albarushi ya kama, sai ƙarfinsa ya buɗa gindin dalmar ta cika tsagar. Wannan ɗan ramin ya sa ƙwararren soja na iya harbi sau uku a minti guda, kuma ya sami mutum daga nisan ɗaruruwan mita. Ku tuna faɗin harsashin ya kusa milimita 15. Idan ya sami ƙashi, ragargaza shi yake yi, abin da ya sa likitocin wancan yaƙi suka yi ta yanke hannuwa da ƙafafu. Duk mai sha'awar waɗannan bindigogi ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Yanzu mu zo ga masu tara su. Abin da suke fara dubawa shi ne farantin ƙarfen da ke gefe, inda aka buga hoton mikiya da sunan masana'anta da shekara. Sai su duba shekarar da ke kan bututun, su ga ko ta yi daidai da ta farantin ko ta kusa. A gindin bututun akwai haruffa V da P da kan mikiya, shaidar an duba an kuma gwada ta da wuta. A jikin katakon, ɓangaren hagu, akan sami hatimin mai dubawa. Idan kun ga ESA, to na Erskine Allin ne, babban maƙerin Springfield.

Akwai wadda ta fi burge ni. A watan Afrilu na 1861 sojojin tarayya, wato na Arewa, suka cinna wa rumbun makaman Harpers Ferry wuta suka janye. 'Yan Kudu suka kwashe injinan da suka tsira zuwa garuruwan Richmond da Fayetteville, suka ci gaba da ƙera bindigogi da su. Farantin bindigogin Richmond yana da ɗan tozo a sama, domin an yi shi ne da ma'aunin ƙirar 1855, mai wurin saka wani zaren takarda na kunna wuta wanda su 'yan Kudun ba su yi amfani da shi ba. Wannan tozon kaɗai ya isa ya ba ku labarin gobarar da kwasar injinan. Da yake irin waɗannan ba su da yawa, suna da tsada, kuma jabunsu sun cika kasuwa. Akwai sababbi ƙirar Italiya da ake goge musu tambari a tsufar da su da gangan.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne gyaran ganganci. Mutum ya gaji bindigar kakansa, ya ga ƙarfen ya yi duhu, sai ya sa takardar gurza ya goge har ta yi ƙyalli. A yini ɗaya ya shafe hatimin, ya zubar da darajarta, kuma babu mai iya mayar da su. Ɗan mai da tsumma mai laushi sun wadatar.

Kafin komai kuma, a tabbatar ba ta da ɗuri. Bayan yaƙin Gettysburg a watan Yuli na 1863 an tsinci bindigogi sama da 27,000 a filin, kusan 24,000 da ɗuri a ciki, aƙalla rabinsu kuma an ɗura musu fiye da sau ɗaya, don ruɗewa da firgici. Har yau ana samun tsofaffin bindigogi da ɗurinsu, kuma albarushin da ya shekara 160 a bushe yana iya kamawa. A kawar da bakin daga mutane, a zura sandar cikin bututu, a yi alama, a fito da ita a gwada tsawon ta waje. Idan ba ta kai gindi ba, a ajiye bindigar a kira masani.