Hira daga Wunti: wai alƙali na karanta buɗaɗɗiyar wasiƙa kuwa?

Auta: Jama'a assalamu alaikum, yau ma ga mu a Bauchi, ga Barista ga Yaya. Barista ni fa abin da ke ɗaure min kai, da zarar shari'ar zaɓe ta taso sai wayata ta cika da buɗaɗɗun wasiƙu, wannan ƙungiya ta rubuta wa alƙalin alƙalai waccan ta rubuta wa NJC, hukumar da ke kula da alƙalai ta ƙasa, a jefo a WhatsApp a ce don Allah a yaɗa. Wai ana karantawa kuwa?

Barista: Ko an karanta Auta, ba ta shiga fayil. Alƙali abin da lauya ya shigar da abin da shaida ya faɗa a gabansa shi zai duba. Kuma da agogo ake yi, sashe na 285 na kundin tsarin mulki ya ba ka kwana 21 ka shigar da ƙara bayan an faɗi sakamako, tirabunal, wato kotun ƙararrakin zaɓe, ta yanke hukunci cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara a gama ta cikin kwana 60. Ka makara da kwana ɗaya an gama da kai ko kana da gaskiya.

Yaya: Duk da haka shari'armu ta zaɓen gwamnan Bauchi na 2023 ta ja. Zaɓe 18 ga Maris, ɗan takara Sadique Abubakar ya kai Ƙaura, wato Gwamna Bala Mohammed, kotu, ba a rufe maganar ba sai 12 ga Janairun 2024 a Kotun Ƙoli, rana ɗaya da ta Kano. Amma Barista ban yarda surutun jama'a banza ba ne, ka tuna Kano da tirabunal ta zare wa Gwamna Abba ƙuri'a 165,663, ta Zoom ma aka karanta hukuncin, sannan takardar kotun ɗaukaka ƙara ta fito da wani sashe yana karo da abin da aka karanta a zaure, ai da mutane sun yi shiru...

Barista: Yaya wannan lauyoyi ne suka karɓo kwafin hukunci mai hatimi suka gani, ba masu kwali a titi ba.

Yaya: To wa ya kai maganar kunnen duniya?

Auta: Ni dai maƙwabcinmu da ya fi kowa tura wasiƙa, da aka ce ya zo ya ba da shaidar rumfarsu sai ya ce matarsa na asibiti.

Barista: Ejan ne, wato wakilin jam'iyya a rumfar?

Auta: Ejan ne mana, har yau kwafin sakamakon na cikin akwatinsa.