Ƙwai Ba Sai Da Zakara Ba

[Hannu yana ɗaga murfin akwati, ƙwai uku a kan busasshiyar ciyawa]

Waɗannan ƙwai uku da kuke gani, yau da safe na kwaso su. Kuma gidan nan babu zakara, ko ɗaya. Kajin da suka yi su, tun da aka ƙyanƙyashe su ba su taɓa haɗa ido da zakara ba.

Na fara da wannan ne saboda maganar da ke ta yawo 'yan kwanakin nan. Mutum ya sayo kaji huɗu, ya yi sati biyu yana leƙen akurki safe da yamma, shiru. Sai masu ba da shawara su taso masa: ai ba ka kawo musu miji ba. Ya koma ya sayo zakara. Ƙwai dai bai zo ba, sai cara tun kafin asuba, da maƙwabcin da ya daina amsa gaisuwa da fara'a. Ba dariya nake wa kowa ba, ni ma na yi. Wata uku ina ciyar da wani jibgegen zakara ina jiran ya yi abin al'ajabi.

Za mu zo kansa. Bari mu yi sauri mu wuce abubuwan da ido zai nuna muku.

[Akurki daga waje, sannan daga ciki]

Ku fara da kaji uku ko huɗu. Kaza ɗaya tilo takura take yi, ita 'yar garke ce. Ga akurkin. Ruwan sama ba ya shiga, iska kuma tana ratsawa ta waɗannan ramukan na sama. Ga sandar da suke hawa su kwana, kowace kaza a bar mata kamar santimita 25. Ga akwatin yin ƙwai can a lungu mai duhu, ɗaya ya ishi kaji huɗu, ko da yake za ku ga dukansu sun nace wa guda ɗaya suna layi, kada ku tambaye ni dalili. A ƙasa dusar katako. A waje fili mai raga, har sama saboda shaho, kuma a binne bakin ragar cikin ƙasa saboda masu tono. Ruwan sha mai tsabta kullum. Rigakafin cutar Niyukasil, ku nemi likitan dabbobi ya tsara muku lokutansa. Shi ke nan, kun ga ginin.

Yanzu zakara.

[Zanen cikin kaza]

Duk wanda ya taɓa gyara kazar da aka yanka tana kan yin ƙwai, ya ga wani tari na 'yan gwaiduwoyi manne a bayanta ta ciki, wata babba, wata ƙarama, wasu kamar kan allura. To, nan ne ma'ajiyar. Da dubbansu ake ƙyanƙyashe kaza, tun tana 'yar tsako. Idan ta balaga, sai su riƙa nuna ɗaya bayan ɗaya, wadda ta cika ta saki ta faɗa cikin wani dogon bututu.

Ku bi wannan ɗigon rawaya da ido. A bakin bututun za ta tsaya minti 15 zuwa 30. Nan ne kaɗai wurin da zakara yake da hannu a cikin lamarin. Idan ya yi barbara, maniyyinsa na nan yana jira, sai su haɗu. Idan babu shi, gwaiduwa ba ta tsayawa ta ce ina angon. Gaba take yi abinta.

Sashe na gaba, kamar awa 3, ana naɗe ta da farin ƙwai. Sai awa ɗaya da ɗan wani abu ana sa mata wannan siririyar fatar da kuke gani manne a cikin ɓawo. Sannan zango mafi tsawo, wajen awa 20, inda ake gina ɓawon kansa, a ƙarshe kuma a shafa masa launi idan irin kazar mai jan ƙwai ce. Jimilla awa 24 zuwa 26. Shi ya sa za ku lura kazar da ta yi ƙwai ƙarfe bakwai yau, gobe sai wajen takwas, jibi tara, tana ja baya har ran da zai kai yamma, sai ta tsallake rana ɗaya ta sake farawa da safe. Ba ciwo ba ne, lissafi ne.

A duk tafiyar nan ta yini da kwana, rabon zakara bai wuce rabin awa ba, shi ma don a samu ɗan tsako ne. In ƙyanƙyasa kuke so, dole sai da shi, zakara ɗaya ga kaji kamar goma, sannan kwanci na kwana 21. In ƙwan ci kuke so, baƙo ne kawai mai cin abinci.

[An fasa ƙwai a faranti, kyamara ta matso]

Ku matso ku ga wani abu. Kun ga wannan ɗan farin ɗigon a kan gwaiduwa? Kowane ƙwai yana da shi. Idan ɗigo ne ƙarami mara tsari, ba a yi barbara ba. Idan ya ɗan buɗe ya yi zobe kamar ido, an yi. Ɗanɗano ɗaya, amfani a jiki ɗaya. Wannan farar igiyar kuma da ke gefe, wadda wasu ke tsamewa suna cewa ɗan tsako ne, ba shi ba ne, ita ke riƙe gwaiduwa a tsakiya. Haka ɗigon jini da akan gani wani lokaci, 'yar jijiya ce ta fashe lokacin da gwaiduwa ke saki, ana samunsa ko a gidan da zakara bai taɓa takawa ba.

To in ba zakara ba, me ya hana kajin mutumin nan yin ƙwai? Yawanci ɗayan uku ne, kuma na farkon shi ya fi kama sababbin masu kiwo.

Shekaru. Ko in ce makonni. Kaza ba ta fara ƙwai sai ta kai sati 18 zuwa 22, wasu irin ma sun fi haka jinkiri. Amma tun tana sati 12 ta yi gashi ta cika ido, ka rantse babba ce. Sai a sayar maka, ka zo gida kana ƙirga kwanaki.

[Kaji biyu a hannu, gefe da gefe]

Dubi bambancin. Wannan zankonta ƙarami ne, fari-fari, a bushe. Wannan kuwa ja wur, ya kumbura, yana sheƙi. Juya ta. A gefen duburarta akwai ƙasusuwa biyu masu tsini. Sa yatsu a tsakaninsu a hankali. Yatsa ɗaya ya shiga da ƙyar, da sauranta. Biyu ko uku sun zauna, ta fara ko tana gab da farawa. Ga kuma alamar da na fi so: ka miƙa hannu za ka taɓa bayanta, maimakon ta gudu sai ta durƙusa ta buɗe fukafukai. In kun ga haka, ku gyara akwati.

Kuma ko wadda ta riga ta fara aka kawo muku, canjin gida kaɗai kan sa ta dakata na kwanaki, har sati biyu. A bar ta ta saba.

Na biyu, haske. Wannan shi ne ainihin abin da ke tayar da injin, aikin da mutane ke jingina wa zakara. Tsawon yini ne ke shaida wa ƙwaƙwalwar kaza cewa lokaci ya yi, kuma abin mamaki, ba ta ido kaɗai take jin hasken ba, yana ratsa ƙoƙon kanta ya isa ciki. Tana so ta samu awa 14 zuwa 16 na haske kafin ta yi ƙwai yadda ya kamata. Idan yini ya gajarta, ko akurkin ya cika duhu, ƙwai zai ragu. Ƙaramar fitila guda ta wadatar, wadda za ka iya karatu a ƙarƙashinta. Ni da asuba nake kunna tawa, ba da dare ba, don in wuta ta ɗauke musu farat ɗaya cikin dare suna ƙasa, ba sa ganin hanyar hawa sanda. Kada kuma a bar ta a kunne dukan dare, su ma suna buƙatar barci. 'Yan matan da ba su kai sati 16 ba, kada a ƙara musu haske, jikinsu bai shirya ba.

[Buhun abinci, hannu yana aunawa]

Na uku, abinci. Ku tuna awa 20 ɗin nan na gina ɓawo. Kowane ɓawo yana cin kusan giram 2 na kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawo, kuma mafi yawan ginin da dare ake yinsa, lokacin da kaza ba ta cin komai. In ba ta samu a abinci ba, daga ƙashinta take zara. Shi ya sa abincin kaji masu ƙwai daban yake: furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, kalsiyam wajen kashi 4. Kowace kaza giram 110 zuwa 120 a rana, ruwa kuma kusan ninki biyu na haka, fiye ma in ana zafi. Yini ɗaya ba ruwa yana iya tsayar da ƙwai na kwanaki. Ragowar abincin gida da ganye, a ba su don nishaɗi, amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da suke ci. Kuma wannan abincin mai yawan kalsiyam ba na 'yan tsaki ba ne, yana lalata musu ƙoda. Sai sun kusa farawa ake juya musu.

Ni a ganina, kuɗin da za ka kashe kan zakara da cikinsa, ka ƙara kaza ɗaya da shi. Masu son zakara za su ce yana gadi, yana yin ƙara in ya hango shaho, yana kiran mata in ya tono abinci. Gaskiya ne, kuma yana da kyan gani. In kana da fili da maƙwabta masu haƙuri, bismilla. Amma ka san dalilin da ya sa ka ajiye shi.

[Kaza a kwance cikin akwati, ta hura gashi]

Ga wata nan da za ta ƙara rikita ku. Ta kwanta ta ƙi tashi, ka kai hannu ta sare ka. Kwanci take yi, alhali babu zakara, babu abin da zai fito ko ta shekara a kai. Ita ba ta sani ba. Muddin tana wannan hali kuma ta daina yin sabon ƙwai. Maganinsa a riƙa kwashe ƙwai kullum, sau biyu ma in da hali, ita kuma a riƙa ɗauke ta ana fitar da ita waje har zafin ya sauka.

[Tafin hannu, ɗan ƙaramin ƙwai kusa da babba]

Wannan kuma ƙwan fari ne na waccan mai jan zankon da kuka gani ɗazu. Ƙarami ne, wani ma yakan zo da ɓawo mai laushi ko babu gwaiduwa sam, cikin 'yan makonni zai daidaita. Ba a akwati ta yi shi ba, a bayan tukunyar fure na tsince shi. Don haka yau na ajiye mata ƙwan roba a cikin akwatin, gobe da safe mu ga ko ta gane.