Yaya Ake Auna Bala'in Da Bai Auku Ba?

An rubuto wannan ne daga faifan wata lacca kan shirye-shiryen ƙasashe na jure wa sauyin yanayi. An rage gaishe-gaishe da maimaicin magana.

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina da ke sahun gaba, 'yan uwa maza da mata, barkanku da zuwa. An ba ni minti arba'in, kuma an ce in na zarce za a turo mini 'yar takarda, don haka bari in shiga magana.

Batun sauyin yanayi aiki biyu ne. Akwai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Akwai kuma shirin zama da ɗumamar da ta riga ta auku, da wadda ke tafe ko da an rufe dukkan masana'antu gobe da safe. Wannan na biyun shi zan riƙa kira shirin jurewa, kuma a kansa za mu tsaya yau.

Aiki na farko yana da mudu guda ɗaya, wato tan na iskar kabon. Tan ɗin da aka rage a Sin daidai yake da wanda aka rage a Barazil, ana iya haɗa su a faɗi jimla. To shi na biyun fa? Da wane mudu za ka haɗa katangar tare teku a Holan da irin shuka mai jure fari a Kenya? Kuma abin da ya fi wannan wuya, nasarar shirin jurewa ba ta da hoto. Idan aiki ya yi kyau, ruwa ya zo ya wuce, ba wanda ya mutu, 'yan jarida ba su zo ba. Ta ina za ka nuna wa majalisa gawar da ba a yi ba? Wannan tambayar ce ta kawo ni nan.

Tarihin gajere ne. A 2001, a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Marakesh, an ce ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba su rubuto buƙatunsu na gaggawa. Suka rubuto jerin ayyuka, da yawansu kuma suka kwana a takarda saboda kuɗi bai biyo baya ba. A 2010 a Kankun ta ƙasar Meziko aka ce wannan bai isa ba, kowace ƙasa mai tasowa ta yi shirin jurewa na dogon zango, wanda zai shiga cikin tsarin raya ƙasa da kasafin kuɗi, ya daina zama a wani lungu na ma'aikatar muhalli. Shekara ɗaya bayan haka aka fitar da ƙa'idojinsa a Durban, kuma kashi na ƙarshe a cikin ƙa'idojin shi ne bibiya da bita da bayar da rahoto. Burkina Faso na cikin ƙasashen farko da suka miƙa nasu, a 2015. A wannan shekarar ce kuma yarjejeniyar Faris kan sauyin yanayi ta kafa burin duniya na jurewa a sashenta na 7, amma ba ta faɗi yadda za a gane an kai ko ba a kai ba. Shekara takwas aka yi ana kai-komo kafin a 2023 a Dubai a amince cewa zuwa 2030 kowace ƙasa ta tantance haɗarin da ke gabanta, ta mallaki shiri, ta yi nisa wajen aiwatar da shi, sannan ta kafa tsarin bibiya.

Yanzu ku buɗe rahoton ci gaba na irin waɗannan shirye-shirye, na kowace ƙasa kuka ga dama, ku ga abin da aka fi ƙirgawa. Taron bita kaza aka yi. Mutum kaza aka horar, kaza daga cikinsu mata. An kafa kwamiti, an buga littafi, an kashe kuɗi kaza. Ba na raina waɗannan, domin sai da su aiki yake tafiya. Amma duk suna amsa tambayar "me muka yi?" ne. Tambayar da talaka ya damu da ita daban take: ruwan bana, in ya zo kamar na shekaran bara, zai ci gidana ko ba zai ci ba? Jami'i yana ƙirga abin da ke hannunsa, kuma ba laifinsa ba ne gaba ɗaya, tunda aikin da aka ba shi na shekara uku ne, ambaliyar da yake yi wa shiri kuwa tana iya yin shekara ashirin ba ta leƙo ba.

Bari in kai ku inda aka ga sakamako ƙiri-ƙiri. A watan Nuwamban 1970 guguwar teku ta faɗa wa yankin da yau ake kira Bangladash, lokacin yana Gabashin Pakistan. Aƙalla mutum 300,000 suka mutu. A 1972 aka kafa shirin 'yan sa kai masu shiga ƙauye-ƙauye da lasifika da tutoci suna gargaɗi, aka kuma fara gina mafaka masu tsayi, waɗanda da yawansu makarantu ne a ranakun da ba guguwa. A 1991 wata ta sake zuwa, ta kashe kimanin 138,000. A 2007 guguwar Sidr ta kashe sama da 3,000. A 2020, da guguwar Amfan ta taso, an kwashe sama da mutum miliyan biyu zuwa mafaka, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba.

Na ga wasu suna gyaɗa kai. To ku dakata, domin mai awo na gaskiya ba ya saurin tafi. Guguwar nan huɗu ba ƙarfinsu ɗaya ba, ba wuri ɗaya suka sauka ba, kuma akwai bambanci tsakanin wadda ta tarar da teku a cike cikin dare da wadda ta tarar ya janye. A tsawon shekarun nan hamsin an sami tituna, an sami rediyo da wayar hannu, mutane sun ƙara samun abin hannu. Nawa ne rabon shirin, nawa ne rabon ci gaban da zai zo ko ba shirin? Ni dai na gamsu cewa gargaɗi da mafaka sun ceci rayuka masu tarin yawa, tazarar ta fi ƙarfin a ce sa'a ce. Sai dai ku lura da abin da wannan lissafi bai kama ba. Mutumin da ya tsira a mafaka ya koma ya tarar ruwan gishiri ya kwanta a gonarsa, dabbobinsa sun tafi, rufin ɗakinsa ya tafi. A rahoto yana cikin nasara. Bayan wata shida yana cikin masu ƙaura zuwa Daka, babban birnin ƙasar. Idan mace-mace kaɗai ƙasa take aunawa, wannan bawan Allah ba zai taɓa bayyana a littafinta ba.

Faransa ta nuna wata dabara. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe kimanin mutum 15,000 a ƙasar, akasarinsu tsofaffi. A 2004 gwamnati ta fito da shirin zafi: matakan gargaɗi, rajistar tsofaffi masu zaman kaɗaici a kowace ƙaramar hukuma domin a riƙa duba su, da ɗaki mai sanyi a gidajen kula da tsofaffi. A 2006 zafi ya dawo. Masu bincike suka ɗauki alƙaluman shekaru masu yawa da suka gabata, na zafin kowace rana da mace-macenta, suka lissafa cewa da a ce jama'a na nan yadda suke a da, irin wannan zafi zai kashe kusan 6,500. Waɗanda suka mutu a zahiri kimanin 2,000 ne. Kun ga yadda ake auna bala'in da bai auku ba. Amma ku tambayi kanku da me suka yi shi. Da rajistar mutuwa ta kowace rana, da ma'aunin zafi na kowace rana, na gomman shekaru. Ƙasar da ba a rubuta yawancin mutuwar da ake yi a cikinta, tashoshin auna yanayinta kuma rabi sun lalace, ba za ta iya wannan lissafi ba ko an kawo mata ƙwararrun duniya. Shi ya sa nake cewa akawun da ke rubuta haihuwa da mutuwa, da ma'aikacin da ke leƙa gwangwanin auna ruwan sama kowace safiya, ma'aikatan shirin jurewa ne, ko da sunansu ba ya cikin takardar.

Sai batun wa zai yi awon. Ɗalibi ba ya duba takardar jarrabawarsa da kansa. Birtaniya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2008, wadda ta tilasta wa gwamnati tantance haɗari duk shekara biyar, ta kuma fitar da shirin magance shi. Sannan dokar ta kafa kwamiti mai zaman kansa wanda yake kai wa majalisa rahoto duk shekara biyu kan inda aka kwana. A rahotonsa na 2023 kwamitin ya duba fannoni 45, ya ce a biyar kacal ya ga shiri cikakke abin dogaro, kuma babu ko ɗaya da ya ga isasshiyar shaidar cewa haɗari yana raguwa da saurin da ake buƙata. Wannan ƙasa ce mai kuɗi da alƙaluma. Wani zai ce abin kunya ne. Ni a wurina rahoton da ya iya faɗa wa gwamnatinsa haka shi ne alamar tsarin yana da rai. Wanda nake tsoro shi ne rahoton da kowane layi a cikinsa kore ne, wato alamar komai lafiya. Jamus kuma, tun 2015, tana fitar da rahoton bibiya duk shekara huɗu, kuma ta raba ma'aunanta gida biyu: masu nuna abin da yanayi yake yi wa ƙasa, da masu nuna abin da ƙasa take yi a kai. Rabon yana da amfani, domin asara tana iya ƙaruwa alhali aiki yana kyau, idan yanayin ne ya fi aikin gudu.

Akwai kuma aikin da ake ƙirgawa a matsayin nasara alhali garin neman gira ne aka rasa ido. An gina katangar tare kogi, an rubuta tsawonta a rahoto. Mutane suka ga wuri ya bushe, suka cika bayanta da gidaje. Ruwan da ta kora kuma ya sauka kan ƙauyen da ke ƙasa da ita, wanda ba ya cikin taswirar aikin. Ranar da ruwa ya fi ƙarfin katangar, asarar ta ninka ta da. Haka rijiyoyin burtsatse na noman rani: shekarun farko amfanin gona ya ƙaru, bayan nan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, mai ƙaramar rijiya ya rasa na sha. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi dogon gargaɗi kan irin wannan a rahotonsa na 2022. Maganinsa a wurin awo shi ne a dawo bayan an rufe aiki da shekaru, a kuma tambayi waɗanda ba su amfana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuɗi kuwa, magana ɗaya zan yi. Asusun yanayi na duniya yana ba ƙasa mai tasowa har dala miliyan 3 don ta tsara shirinta. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa ƙasashe masu tasowa suna buƙatar tsakanin dala biliyan 215 zuwa 387 duk shekara don aiwatarwa, abin da ya shigo musu daga gwamnatocin waje da bankunan raya ƙasa a 2021 kuwa biliyan 21 ne. Kuɗin rubutu yana samuwa, na aiki ne ja. Don haka idan aka miƙo mini shirin wata ƙasa, ba na fara karanta gabatarwa. Kasafin kuɗin ma'aikatar ayyuka da ta noma da ta lafiya nake nema, in ga ko shirin ya bar sawu a ciki.

Ga takardar ta iso. Shugaba, a ba ni damar amsa tambaya ɗaya.

Wata ɗaliba ta tambaya ko ba zai fi sauƙi duniya ta amince da ma'auni iri ɗaya kowa ya bi ba.

Malama, an gwada. Bayan taron Dubai an tattara ma'aunai dubbai daga ƙasashe da hukumomi, ƙwararru suka tace su zuwa 100, a taron Belem na Barazil a 2025 aka amince da 59, kuma amfani da su ganin dama ne, wasu ƙasashen ma sun fito fili sun ce ba su gamsu da yadda aka sauya su a ƙarshe ba. Suna da amfani wajen haɗa hoton duniya, musamman a bitar yarjejeniyar Faris da ake yi duk shekara biyar. Amma ƙasar tsibiri tana auna tashin teku ne da gishirin da ke shiga rijiya, ƙasar tsaunuka tana auna narkewar ƙanƙara da tafkunan da ke iya ɓallewa. In ke ce aka ba aikin, ki zaɓi 'yan kaɗan waɗanda kike da tabbacin za a iya tattara alƙalumansu duk shekara ko bayan mai ba da tallafi ya tafi, ki rubuta inda suke a yau kafin a taɓa komai, kuma ki rarraba su tsakanin maza da mata da tsakanin yanki da yanki, domin matsakaicin ƙasa yakan haɗiye gundumar da ke nutsewa. Akwai wata tambayar a baya can, amma na ga shugaba ya miƙe.