Knoxville: Filin Sukuwar Da Ya Koma Gidan Tseren Motoci

To jama'a barkanmu da warhaka, yau Amurka muka nufa, jihar Ayowa, wani ɗan gari da ake kira Knoxville. Mutanen garin gaba ɗaya ba su kai dubu 8 ba, amma filin tserensu yana ɗaukar sama da mutum dubu 20!

Asali fa filin baje kolin manoma ne na ƙaramar hukumar Marion, inda ake kawo shanu da amfanin gona, da'irar tseren kuma dawakai aka yi wa ita tun wajen 1878. Mota ta fara gudu a kai a 1901, a 1954 aka koma tseren mako-mako, sai 1961 aka ƙirƙiro babbar gasar Knoxville Nationals wadda har yau ake yi duk watan Agusta. Direba Steve Kinser shi kaɗai ya ɗauke ta sau 12.

Abin da ya fi burge ni, har yanzu ba su shimfiɗa kwalta ba. Baƙar ƙasa ce zalla mai danƙo, zagaye ɗaya kamar mita 800, kafin tsere tankokin ruwa su jiƙa ta a tattake, kuma tana canja hali cikin dare ɗaya, da farko tana riƙe taya daga baya ta bushe ta yi santsi, direban da bai iya karanta ƙasa ba ko injinsa ya fi na kowa a baya za a bar shi.

Sai kuma motocin. Ƙaton fuffuken da ke samansu shi ke danne mota ƙasa, injin kuwa ƙarfin doki wajen 900 ne, kuma ba sitata, a-kori-kura ce ke tura kowacce sai ta tashi. A kwana a karkace suke shiga suna watsa taɓo.

Idan Allah ya kai ka, daren Asabar ake tseren daga Afrilu zuwa Satumba. Ka tafi da abin toshe kunne da tabarau, don wallahi ƙarar har cikin ƙirji kake jin ta, in kuma kujerun ƙasa ka zauna to da taɓo a riga za ka koma masauki. Ka je da wuri ka shiga gidan tarihin motocin da aka buɗe a 1992, yana nan daidai kwana ta biyu ta da'irar tseren. Lokacin Nationals kuwa ka nemi wurin kwana tun da watanni, don da yawa a tanti suke kwana.