Fodkas: Jagwar Pantanal, mai farautar kada a bakin kogi

Zainab: Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau mun nufi Pantanal, makekiyar fadamar nan da akasarinta ke Burazil, ta ɗan shiga Bolibiya da Faragwai. Malam Bashir, duk wanda ya ga hoton jagwa cewa zai yi damisa ce.

Bashir: Kama da wane ba wane ba ne, Malama. A dubi zanen jikinta. Zoben damisa fanko ne a tsakiya, na jagwa kuwa akwai ɗigo ɗaya ko biyu a ciki. Ga ƙaton kai, ga faɗin ƙirji, ga gajeriyar jela. Namijin Pantanal yakan kai kilo 100, wani ya haura 120, macen kuma wajen 75. A Belize, can Amurka ta Tsakiya, namiji bai cika wuce kilo 60 ba.

Zainab: Dakta Hadiza, me ya kawo wannan tazarar?

Hadiza: Abinci ne. Fadamar cike take da kadan da ake kira kaiman, ga kapibara, wani dangin gafiya da kan kai kilo 50. Kuma jagwa ba ta gudun ruwa. Za ta yi iyo ta ɓullo wa kada ta baya yana shan hantsi a kan yashi, ta kafa masa haƙora a ƙeya har ta huda ƙashin kai. Zaki da damisa maƙogwaro suka fi kamawa.

Zainab: Jagwa nawa suka rage?

Hadiza: Nan ne gizo ke saƙa. Wani bincike ya ce kusan 64,000 a duniya, wani na 2018 ya ce wajen 173,000. Hanyar ƙirgen ce ta bambanta. Ana ɗaure kyamarori bibbiyu suna fuskantar juna a kan turbar da take bi, domin zanen jikinta na hagu da na dama ba ɗaya ba ne. In kyamara ɗaya aka sa, ana iya ƙirga dabba ɗaya sau biyu. Sai kuma faɗin yawonta, wanda kyamara ba ta iya nunawa duka: a wani bincike na 2006 a kudancin Pantanal, lissafin kyamara kaɗai ya nuna sama da 10 a murabba'in kilomita 100, da aka haɗa da bayanan na'urar da ake rataya musu a wuya, sai ya sauko ƙasa da 7. Wannan yana damuna, domin adadi in ya kumbura, sai hukuma ta saki jiki, alhali dabbar ta rasa kusan rabin wuraren da take zaune a da.

Bashir: Ga gobarar 2020, da ta cinye sama da kashi ɗaya cikin huɗu na fadamar.

Zainab: To, mai son gani da idonsa fa?

Bashir: Ya sauka a birnin Cuiabá na Burazil, ya yi kilomita 100 zuwa Poconé, daga nan ya hau Transpantaneira, hanyar burji mai kusan kilomita 145 da gadoji sama da 100, har Porto Jofre. Sauran tafiyar a kwalekwale mai inji ne, a kogin Cuiabá da rassansa kamar Três Irmãos. Lokacin shi ne Yuli zuwa Oktoba, raninsu ke nan, mu kuwa muna tsakiyar damina. Ruwa ya janye, kada da kapibara sun taru a gaɓa, ita ma dole ta fito. Wanda ya je a Fabrairu, ruwa ya malale ko'ina, hanyar ma sai a hankali.

Hadiza: Kuma a ware kwana uku ko huɗu a kan ruwa. Kuskuren da na fi ƙi shi ne cunkoso. Direbobi na sanar da juna ta rediyo, kafin ka ankara jirage sun yi mata zobe, ƙarar inji ta kori kadan da ta daɗe tana laɓe masa. A rage inji, a tsaya nesa, kada a tare mata hanya in tana ƙetare kogi. Jefa mata nama don ta matso kuwa doka ta hana, domin yana sa ta saba neman abinci wurin mutum.

Zainab: Guzuri fa, Malam?

Bashir: Madubin hangen nesa, hula mai faɗi, maganin sauro, da rigar sanyi. A Yuli iska kan taso daga kudu, kuma tun asuba ake fita, kwalekwalen ba rufi.